Sabuwa Mai Kwalli da Rasuwar Maman Gajere

Duk macen da ta yi 'yammatancinta a unguwar Nima ta birnin Accra, daga shekarun saba'in har ƙarshen na casa'in, ta san teburin Sabuwa mai kwalli. Cewa tebur ma kara aka yi masa. Akwatin sabulu ne aka kifa aka yafa masa tsohon zane, a bakin lungun da ke gangarawa babbar kwatar nan da ta raba Nima da Maamobi. A bayansa Sabuwa ke zama kan kujerar tsugunno, doguwar mace baƙa mai ƙaramar murya, idanunta kullum a zizare kamar yau za a kai ta ɗakin miji. Ba ta iya kiran ciniki ba, ba ta kuma taɓa koya ba. Fuskarta ke yi mata talla. Mace za ta zo wucewa da sauri, ta kalle ta sau ɗaya, sai ka ga ta rage tafiya ta dawo da baya, wai gaisuwa ta manta.

Kayan ba su da yawa, amma kowanne da mutanensa. Akwai kwallin dutse, wanda fatake ke kawo mata daga arewa dunƙule-dunƙule yana ƙyalli. Ita ke niƙa shi da hannunta, ta tankaɗe da farin ƙyalle, ta yi ta maimaitawa har sai ta murza a bayan hannu ba ta ji tsakuwa ba, sannan ta ɗura a tandu. Wannan na matan aure ne da suka san abin da suke yi. Akwai kwallin Makka, da alhazai ke kawo mata in tsaraba ta yi musu yawa, mai ruwan toka, mai sanyi a ido. Shi maza ke nema ranar Juma'a, don ba ya nuna kansa. Akwai gazal a 'yar gwangwani, baƙi ƙirin mai maiƙo, na amare da masu son a gan su tun daga nesa. Daga baya fensir ya shigo daga kasuwar Makola, 'yan makaranta suka hana ta sakat, ta sayo ta ajiye shi can gefe, ba don tana ganin girmansa ba.

Kuma ba abin da kika tambaya za ta ba ki ba, sai ta fara kallon idonki. "Ke idanunki ƙanana ne," za ta ce, "in kika rambaɗa gazal sai an neme su da fitila." In kin yarda ta sa miki, sai ta tsoma tsinken tagulla a tandu, ta kaɗa shi a bakin tandun ya zubar da ragowa, ta kwantar da shi tsakanin fatun ido ta ce rufe, sannan ta ja a hankali daga wajen hanci zuwa wajen kunne. Ja ɗaya take yi. Ta ce mai komawa sau biyu ba kwalli take sawa ba, fenti take yi. Fensir kuwa, da yake a waje ake zana shi, a bakin gashin ido, ba ta taɓa yarda ya isa a kira shi kwalli ba.

Ita ba haihuwar Gana ba ce. Daga wani ƙauye ta fito kusa da Maraɗi, a shekarar farin da ya cinye dabbobi, ta biyo mijinta. Sunansa Maman, kamar rabin mazan garinsu, shi ya sa aka ƙara masa Gajere don a bambanta, kuma ba a zalunce shi ba, da ƙyar yake kai kafaɗarta. Tsire yake yi a bakin titin Nima, mutum mai yawan dariya da tsokana. Allah bai ba su haihuwa mai zama ba. Dangi kuma duk suna can arewa, don haka a faɗin Accra Sabuwa ba ta da kowa sai shi. Duk da haka ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. Tarbiyyar garinsu ke nan, mace ba ta kama sunan miji. "Maigidan" take cewa, ko da kuwa faɗa suka yi.

Kafin ta taso daga gida an gaya mata a Zango, wato unguwannin baƙi irin su Nima, Hausa ake yi, ta yi ta murna. Ranar da ta sauka, matar da ke da gidan hayar ta dube ta sama da ƙasa, ta juya wajen Maman ta ce, "Matanka ya zo? Ya yi tsawo paa!" Sabuwa ta waiga tana neman namijin da ya yi tsawo. Ba kowa a bayanta sai bango.

A hankali ta gane yadda abin yake. Mutanen Nima sun taru ne daga ko'ina, Kotokoli da Mosi da Zabarmawa da Dagomba da Yarbawa, kowa ya ɗauki Hausa ya rage mata kaya don ta yi sauƙin ɗauka. Abin da aka fara saukewa shi ne bambancin mace da namiji. A can uwa ma "ya" ce, amarya "shi" ce, kowa kuma "ka" ne. A watanninta na farko an sha aiko mata a ce, "Ya ce a ba shi kwalli," ta ɗura na maza ta bayar, anjima a dawo mata da shi da faɗa, ashe mai jego ce ta aiko. Ta saba da su daga baya, amma kunnenta bai taɓa sabawa ba. Duk sanda aka ce "ya", namiji take fara gani a zuciyarta da hularsa, sai ta cire masa hular ta ɗaura masa ɗankwali.

Da rayuwa ta yi tsanani a ƙarshen shekarun saba'in, nama ya gagari talaka, mai tsire ya zama ba shi da aiki sai korar ƙuda. Lokacin duk mai ƙafa Legas ya nufa, unguwar Agege. Maman Gajere ya bi sahu. Yakan aiko da gaisuwa da turmin atamfa ta hannun direbobi, ya zo sau ɗaya da ƙaramar Salla ya koma. Sabuwa ta ci gaba da niƙa kwallinta tana jira.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, kasuwar Nima ta cika, saura kwanaki kaɗan Babbar Sallar tamanin da biyu. A gaban Sabuwa akwai Lailatu, wata mai sayar da koko daga Maamobi, haihuwar Zango, tsohuwar mai cinikinta. Ta ɗaga kai, an gama mata idon dama, tsinke yana cikin na hagu. Sai ga Kadiri, direban da ke jigila tsakanin Accra da Legas, ya tsaya a bakin lungun ya cire hula ya ɗaga murya.

"Jama'a, kafra, a gafarce ni. Wa ya san gidan Maman Gajere? An ce in faɗa, ya mutu a Agege."

Allah ne ya tsare idon Lailatu, don tsinken a ƙasa aka tsince shi. Mata biyun suka kurma ihu tare, suka rungume juna. Cikin kukan nan Sabuwa tana cewa a ranta, ashe yarinyar nan haka take ƙaunata, dubi yadda take yi wa mijina kuka. Lailatu ita ma abin da take ayyanawa ke nan game da Sabuwa. Sai da mata suka taru ana ba su baki, Sabuwa ta ji abin da Lailatu ke faɗa cikin kukan: "Mma! Wayyo Mma!"

Ta sassauta riƙon. "Wace Mma?"

"Mma na mana, Anti Sabuwa. Ba ka ji ba? Maman Gajere."

Nan aka tsaya kallon-kallo. Ashe uwar Lailatu, tsohuwar da Sabuwa ta sani da Mma Ayishetu, a Maamobi ba wanda ke kiranta da wannan suna. Ɗanta na fari Gajere ake ce masa, don haka Maman Gajere take tun kafin a haifi Lailatu. Kuma ita ma tana Agege, ɗan nata ya ɗauke ta bara saboda ciwon ƙafa.

Aka juya kan Kadiri, wanda ya fara da-na-sanin tsayawa.

"Bawan Allah," in ji Sabuwa, "mace ce ko namiji?"

"An ce ya mutu, Anti."

"To ya, ko ta?"

"Ah, Anti, ya da ta ba duka ɗaya ne?"

"Wa ya gaya maka?"

"Wani mutum ne a tasha. Mota ya riga ya tashi, ya biyo da gudu, ya faɗa mini ta taga. Ɗan Nima ne dai, daga bakin shi na gane. Ban san shi ba koraa, ko kaɗan."

Da a ce mutumin ɗan Maraɗi ne ko Bakano, da magana ta ƙare, "ya" ɗinsa namiji ne. Amma ɗan Nima ne. Wata ta ce wa Sabuwa ta faɗi cikakken sunan mijinta ko Kadiri zai tuna wani abu, Sabuwa ta buɗe baki sunan ya ƙi fitowa, sai wata ce ta faɗa a madadinta. Bai amfana komai ba. Kadiri ya rantse in ya koma zai bincika gida-gida. Kafin ya gama gyaran motarsa gwamnatin Gana ta rufe iyakokin ƙasa, ba shiga ba fita. Aka bar mata biyu da mutuwa ɗaya a tsakaninsu, ba wanda ya san ta wace ce.

Ga Lailatu abin da ciwo, amma hanyarsa a miƙe take: a yi zaman makoki, a yi sadaka. Ga Sabuwa kuwa tambaya ce da sai an amsa ta kowace safiya a gaban madubi. In mijinta ne ya rasu, takaba ta hau kanta, wata huɗu da kwana goma ba lalle, ba turare, ba kwalli. In kuwa yana raye, to matar aure ce, kuma matar aure mai sayar da kwalli.

Washegari ta wanke ido tas ta fito. Ba ta kai teburinta ba mata suka fara tare ta, "Allah ya ji ƙan shi, Anti. Allah ya ba ka haƙuri." Ranta ya ɓaci. "Wa ya ce muku ya mutu?" Ta ji kamar ita ce ta kashe shi da farin idonta. Ta koma ɗaki ta rambaɗa gazal ta fito. Ba a jima ba ta ji wasu biyu na wucewa suna magana ƙasa-ƙasa, "Mijin shi ya mutu jiya-jiya, dubi idon shi." Ta sake komawa ta goge. Haka ta wuni tana sawa tana gogewa har fatar idon ta yi ja, masu ciniki kuma suna zuwa su tarar da tebur ba kowa.

Da abin ya ishe ta, ta tafi wajen Malam Zuberu, limamin ƙaramin masallacin lungunsu, wanda ya yi karatu a Kano, shi kaɗai ne a unguwar in ya ce "ta" to mace yake nufi. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta zayyana masa.

"Aurenki tabbas ne," in ji shi, "mutuwar kuma shakka ce. Ba a shiga takaba da ji-ta-ji-ta. Sai an sami wanda ya gani, ko wanda ya ji daga wanda ya gani."

"Ke nan in sa kwalli, Allah gafarta Malam?"

"Ban hana ki ba."

"In kuma shi ne?"

Malam ya shafa gemu. "In shi ne, to da barinsa ya fi."

"To mi zan yi?"

"Ki yi addu'a."

Ta fito da ruɗun da ya fi wanda ta shiga da shi. A ɗaki ta baje kayan sana'arta a tabarma ta zauna tana kallonsu kamar yau ta fara ganinsu. Shekara da shekaru tana zaɓa wa mata abin da ya dace da idonsu, yau ta kasa zaɓa wa kanta. Gazal ya fita, wannan ihu ne. Kwallin dutse yana da ƙyalli, ƙyalli kuwa ado ne. Ta ɗauki na Makka, na maza, mai ruwan toka, ta ja siririn layi daga ciki yadda sai wanda ya matso zai gani. Ta ce wannan in yana raye kwalli ne, in ya rasu magani ne. Kwana biyu ta yi a haka, ba ta ji daɗi ba. Masu yi mata gaisuwar mutuwa ba su daina ba don ba su ga komai ba, zuciyarta kuma ba ta daina tuhumarta ba don ta san akwai.

Sai wata dabara ta faɗo mata, ta koma wajen Malam da fensir a hannu.

"Allah gafarta Malam, wanga ba kwalli ba ne. Ni da bakina na sha faɗa. Abin rubutu ne, a waje ake zana shi, ba ya shiga ido. In mai takaba ta zana shi, ta yi laifi?"

Malam ya karɓa ya jujjuya, har ya gwada a bayan hannunsa. "Don me ake zana shi?"

"Don ido shi yi kyau."

"To kin ba kanki amsa."

Ta karɓi fensirinta ta tafi, tana jin haushinsa fiye da da.

Ita unguwa kuwa ba ta iya zama da tambaya. A hankali mutane suka yanke hukuncinsu. Tsohuwa ce mai ciwon ƙafa a gefe ɗaya, a ɗaya gefen ƙaƙƙarfan mutum da ko zazzaɓi ba a san shi da shi ba. Kowa ya ce ai lissafin a fili yake. Lailatu ma ta yi mafarkin uwarta cikin fararen kaya tana ɗaga mata hannu. Aka shimfiɗa tabarmi a gidansu a Maamobi, aka yi sadakar uku, aka sa ranar ta bakwai.

Ana jajibirin Salla Lailatu ta tsallako kwata ta sami Sabuwa zaune da ido fari fat, mata sun yi layi tana sa musu kwalli. Ta jira aka watse, ta ɗauki tandun kwallin dutse ta danƙa mata a hannu.

"Anti Sabuwa, sa kwallinka. Mutuwan nan nawa ne, ba naka ba. Na ji shi a jikina."

Sabuwa ta fashe da kuka. Kukan tausayin Lailatu ne, amma ba shi kaɗai ba. A ƙarƙashinsa akwai wani sanyi da ya sauko mata har tafin ƙafa, murna ce tsagwaronta, kuma ta ji kunyar murnar. Da safiyar Salla ta zizara kwallin dutse, ja ɗaya a kowane ido.

Kunyar nan ce ta sa ta zama 'yar gidan su Lailatu. Ranar sadakar bakwai ita ta fi kowa tuƙin tuwo. Ranar ta arba'in tun da sassafe tana gindin murhu tana suyar masa, ta zauna cikin mata ana karanta Ƙulhuwallahu ana kai ladan kabarin Ayishetu, ta ɗaga hannu ta shafa da zuciya ɗaya. Wani lokaci shakka takan dawo mata, tana cikin niƙa sai hannun ya tsaya, ta ce to me ya sa bai aiko ba? Sai ta tuna iyaka a rufe take, ta ci gaba da niƙanta.

A farkon tamanin da uku labari ya zo cewa Najeriya ta kori baƙi, an ba su 'yan kwanaki su tattara. Aka buɗe iyaka. Mutane suka riƙa kwararowa a manyan motoci da jiragen ruwa, ana sauke su a filin baje koli da ke wajen unguwar La kafin kowa ya nemi garinsu. Rabin Nima ta koma can neman nata. Lailatu na neman wanta Gajere, Sabuwa na neman maigidanta, don haka tare suke shiga mota kullum.

Duk safiyar nan Sabuwa takan daɗe a gaban madubi. Ta yi tunanin kwallin dutse, wanda ya saba ganinta da shi, amma ta ce a cikin dubban mutane, ga shi gajere, gara ta sa abin da zai hango daga nesa. Ta ɗauko gazal, abin da ta sha hana matan aure, ta rambaɗa shi sama da ƙasa.

Filin ba a cewa komai. Mutane kwance kan katifu da buhuna, wasu da rediyo a ka, wasu ba ko takalmi, ga rana, ga kukan yara. Suka yi ta kutsawa suna leƙa fuskoki. Sabuwa ƙasa-ƙasa take dubawa, daidai inda kan maigidanta zai tsaya. A rana ta uku ko ta huɗu, wajen la'asar, Lailatu ta ja ta tsaya cak, ta ƙanƙame hannun Sabuwa har sai da ta ji zafi. A gindin wata bishiya, kan wata ƙatuwar jaka, tsohuwa ce zaune ta miƙe kumburarriyar ƙafa tana fifita da murfin kwano.

Lailatu ta fara ja da baya tana salati, a zatonta fatalwa ce. Sai tsohuwar ta ɗago ta ce, "Lailatu, ka tsaya kana kallo na? Ba ka kawo ruwa ba?" Lailatu ta zube a kanta tana kuka tana dariya tana shafa mata fuska.

Abin da Sabuwa ta yi a lokacin, ita kanta ta daɗe tana mamakinsa. Guɗa ta rangaɗa. Ta yi murna har cikin ranta, ga matar da suka yi wa arba'in zaune tana neman ruwa. Ta durƙusa ta kama hannun tsohuwar tana cewa, "Sannu Mma, sannu da hanya, ashe da sauran shan ruwa." Kanta bai kai ga ɗaya gefen lissafin ba tukuna.

Mma Ayishetu ta riƙe hannun, ta matso da fuskarta ta ƙura wa baƙaƙen idanun nan ido, ta gyaɗa kai a hankali.

"Ɗiyana, ashe har ka fita takaba. Haka ne, kwana ya kai. Allah ya ji ƙan shi. Mutum mai kirki paa."

Sabuwa ta sunkuyar da kai. Tsohuwar ta ɗauka jimami ne, ta ci gaba. Gida ɗaya suka zauna a Agege, in ji ta, har ana yi musu tsiya ana cewa gidan Maman Gajere biyu. Shawara ce ta kama shi, idonsa ya yi ɗorawa, ita ta yi jinyarsa da ciwon ƙafarta, a hannunta ya cika. "Ni da kaina na tura mutum tasha, na ce a faɗa a Nima, a bakin kwata, Maman Gajere ya mutu. Saƙo ya zo, ko?"

"Ya zo," in ji Sabuwa.

Lailatu ta daina dariya. Ta kalli uwarta ta kalli Sabuwa, ta sa hannu ta rufe baki.

Yadda ta dawo Nima ranar, Sabuwa ba ta iya tunawa. Ta dai san ba ɗakinta ta nufa ba, ƙofar Malam Zuberu ta tsaya, ta tuɓe takalmi ta durƙusa, gazal ɗin na nan a idonta don ko hawaye bai zo ba. Ta gaya masa. Ya yi salati, ya yi wa mamacin addu'a, ya tambayi lokacin da tsohuwar ta ce ya rasu, ya lissafa a yatsunsa.

"Yau zan fara, Allah gafarta Malam, ko sai gobe?"

"Fara me?"

"Takaba."

"Sabuwa, takaba daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar da aka ji ba. Taki ta riga ta ƙare. Babu komai a kanki, ba ki kuma yi laifi ba, tunda ba ki sani ba."

Ta dube shi kamar da Turanci ya yi maganar. "Ta ƙare? Yaushe na yi ta?"

"Kwanakin sun wuce."

"Da kwalli a idona suka wuce. Har Salla na yi." Ta gyara durƙuso. "To a ba ni ko kwana kaɗan in zauna mishi."

"Ba ni ke bayarwa ba. In kina son zama ki zauna, ba mai hana ki. Sai dai ba takaba ne sunansa ba."

"To mi ne sunansa?"

A waje ana ta hayaniya, wata mota ta sauke 'yan Agege, mata na guɗa a lungu.

"Sadakar da muka yi fa?" in ji ta. "Ta uku, ta bakwai, ta arba'in. Ni na tuƙa, ni na soya. Duk da sunan Ayishetu muka yi, ga ta can tana shan ruwa. Shi ko ƙwayar masa ɗaya ba a bayar da sunansa ba. To ladan, wa ya samu?"

"Allah ya san wanda ya mutu, Sabuwa."

"Shi ya sani," ta ce. "Ni matarsa ce, ban sani ba."

Ta miƙe ta ɗauki takalmanta a hannu ta fita. Har ta kai bakin titi ba ta tuna ta sa su ba.